Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo: masana na auna faɗuwar ƙwayar zarra

Hausawa sun ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Magana ce wadda ba ta da abokin gardama: yaron da ke jifar magarya ya san da ita, haka nan matar da igiya ta kuɓuce mata, guga ya koma rijiya. Amma a bayan wannan magana akwai wata tambaya da ta hana masana sakat yau fiye da shekara 400. Shin abubuwa duka da sauri ɗaya suke faɗowa? Dutse da auduga, ƙarfe da itace, babba da ƙarami, ƙasa tana jan su daidai wa daida ne, ko kuwa tana fifita wani bisa wani?

Tambayar kamar ta yara take, amma a kanta ne anka kafa babban sashe na ilimin sararin sama na zamanin nan. In dai daidai suke faɗowa, to lissafin da ake bi wajen sanin tafiyar taurari da tuƙa kumbo ya tsaya da ƙafafunsa. In kuwa anka samu bambanci, ko da bai kai ƙwayar gero ba, to akwai wani ƙarfi a duniya wanda ba a san da zamansa ba, kuma dole a sake rubuta littattafan jami'o'i. Don haka ne ƙasashe irin su Faransa da Jamus da Italiya da Amurka da Sin ke kashe kuɗi masu yawa a kan aikin da, in an faɗe shi a taƙaice, bai wuce sakin abu ya faɗi ba. Sai dai abin da ake saki yanzu atom ne, wato ƙwayar zarra, ƙanƙanen abin nan da kowane jiki ya ginu da shi, wanda sai an jera miliyoyinsa kamin su cika milimetir guda. Kuma ba a sakinsa sai an sanyaya shi, sanyin da ba a taɓa ganin irinsa ba ko a tsakanin taurari.

DAGA ARISTO HAR BISA WATA

Mutanen da sun ɗauka abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa. Haka Aristo, babban malamin Girka, ya karantar, kuma ido ya goyi bayansa, tun da kowa ya ga dutse yana riga gashin kaza isa ƙasa. Maganarsa ta yi kusan shekara 2.000 tana mulki. A 1586 wani mutumin ƙasar Holan, Simon Stevin, ya saki dunƙule biyu na darma daga bisa a garin Delft, ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau 10, sai anka ji sun bugi katakon da ke ƙasa kamar bugu guda. Galile na Italiya, wanda ya fi kowa suna a wannan fage, ya yi ta gangaro da ƙwallaye bisa katako yana auna lokaci da ruwan da ke tsiyaya daga wani babban mazubi, ya kuma fitar da sakamakon cikin littafinsa na 1638. Abin da ya gane shi ne iska ce ke yaudarar ido. Ita ke tare gashin kaza a hanya, ƙasa ba ta raina shi ba.

Niyuton na Ingila, wanda babban littafinsa ya fito a 1687, ya rataye akwatuna biyu masu girma ɗaya, ya riƙa zuba musu zinariya da azurfa da darma da gilashi da rairayi da gishiri da itace da ruwa da alkama, yana kaɗa su kamar lilo. Bai ga bambancin da ya kai kashi 1 cikin 1.000 ba. A farkon ƙarni na 20 Lorand Eötvös na Hangari ya matse awon har zuwa kashi kaɗan cikin miliyar. Ran 2 ga watan Agusta 1971 kuma, David Scott, ɗan sama jannati na kumbon Apollo 15, ya tsaya bisa wata, inda babu iska, da guduma a hannun dama da gashin shaho a hannun hagu, ya sake su gaban kyamarar talabijin. Tare sunka taɓa ƙasa. Gani ya kori ji.

NAUYI IRI BIYU

Domin a gane abin da ya hana masana haƙura bayan duk wannan, sai a tuna cewa abin da ake kira nauyi iri biyu ne, ko da yake baki ya saba haɗa su. Wanda ya ɗaga buhun gero ya aza a ka, da jan ƙasa yake kokawa. Wanda kuwa ya tura amalanke cike da buhuna a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba ɗaga ta yake yi ba, amma duk da haka sai ya yi nishi kamin ta motsa, in ta ɗauki gudu kuma sai ya yi wani nishin kamin ta tsaya. Wannan na biyu taurin kai ne da kowane jiki ke da shi, ƙin barin halin da yake ciki. Ko da za a kai amalanken can nesa da duniya, inda ba abin da ke jan ta, taurin kan nan yana nan.

To, dutsen da ya ninka wani sau 10, ƙasa tana jan sa da ƙarfi ninki 10, amma taurin kansa ma ninki 10 ne. Ɗaya ya cinye ɗaya, sai su iso tare. Abin mamakin shi ne babu wani dalili cikin lissafin Niyuton da ya tilasta waɗannan biyu su zo daidai. Sauran irin ƙarfin da anka sani suna da zaɓe: maganaɗisu yana ɗaukar allura ya bar tagulla da itace. Jan ƙasa kaɗai ne ba ya tambayar abu da me anka yi shi.

A 1907 Albert Ainshtain, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern a ƙasar Suwis, ya ɗauki wannan daidaito da kowa ke wucewa ta gefensa, ya mai da shi harsashin gininsa. Ya lura cewa mutumin da ke cikin rufaffen ɗaki mai faɗowa ba zai ji nauyin jikinsa ba, in ya saki makulli kuma, makullin zai tsaya gabansa yana shawagi, tun da tare suke faɗuwa. Bayan wahalar shekara 8 ya kai ga bayaninsa na 1915: jan ƙasa ba wata igiya ba ce da ke fizgar abubuwa, sarari da lokaci ne da kansu ke lanƙwashewa kusa da abu mai girma kamar duniya ko rana, abin da ke faɗuwa kuwa hanya kawai yake bi. In hanya ta karkata, da jaki da raƙumi duk tare za su karkata. Nan ƙarfin bayanin yake, nan kuma za a iya kama shi, domin ranar da anka ga abu biyu sun rabu cikin faɗuwa, zancen hanya guda ya rushe.

Har yau bayanin bai faɗi a wani gwaji ba. To me ake nema kuma? Matsalar ita ce ilimin fizik yana da manyan dokoki biyu waɗanda ba su ga maciji da juna. Ta Ainshtain tana mulkin manyan abubuwa, duniyoyi da taurari. Ɗayar, wadda ake kira kwantik, tana mulkin ƙanana, atom da haske. Kowace a gidanta gaskiya take faɗi, amma an yi kusan shekara 100 ana neman haɗa su cikin lissafi guda, abin ya faskara, kuma da yawa daga hanyoyin sulhun da masana sunka kawo suna nuna cewa za a samu ɗan bambanci ƙanƙane cikin faɗuwar abubuwa. Tarihi ma ya riga ya nuna cewa ƙaramin saɓani yana iya kada babbar doka. A 1859 Urbain Le Verrier na Faransa ya lura cewa Merkir, tauraron da ya fi kusa da rana, yana ɗan kauce wa lissafin Niyuton, kaucewar da sai an tara ta shekaru da yawa kamin a gan ta. Ba wanda ya iya bayyana ta sai Ainshtain a 1915.

SANYIN DA YA WUCE NA HUNTURU

In ana son a yi wa dokokin biyu tambaya a zama ɗaya, dole a saki abin da ke ƙarƙashin mulkin kwantik ya faɗi cikin jan ƙasa. Wannan abu shi ne atom. Amma atom ba ya zama wuri guda. Abin da jiki ke ji ya kira zafi ba kome ba ne illa gudun waɗannan ƙwayoyi, kuma na iskar da ke cikin ɗaki suna cin wajen metir 500 a daƙiƙa guda, ninki biyu na saurin babban jirgin sama. Auna faɗuwarsu a wannan hali kamar ƙirga ƙudan zuma ne bayan an tone amya. Sanyaya abu rage gudun ƙwayoyinsa ne, sanyi kuwa yana da iyaka: digiri 273,15 ƙasa da sifili. Ba a wuce nan.

Abin da ke kai atom kusa da wannan iyaka haske ne, ko da yake hankali ba ya saurin karɓar haka. Haske yana zuwa ne ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo kuma in ya bugi atom yana ɗan tura shi. Turawar ƙarama ce. Ga atom na rubidiyom, wani ƙarfe mai laushi da anka fi amfani da shi a wannan aiki, ɗigo guda ba ya rage gudunsa da fiye da milimetir 6 a daƙiƙa, sai an jefe shi wajen sau 50.000 kamin ya tsaya, kamar mai son tsai da bijimi da jifar tsaba. Amma lazer yana gama wannan jifa duka kamin ƙiftawar ido. Dabarar ita ce a haska atom daga fuska 6, gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa, a kuma daidaita launin hasken yadda atom ba zai ji shi sosai ba sai in ya nufo shi. Kowa ya san yadda odar babbar mota ke sake murya tsakanin tahowarta da wucewarta. Haka launin haske ke sakewa ga atom mai gudu. Saboda haka duk inda ya nufa sai ya ci karo da jifa, har ya lafa.

Masana uku sunka raba lambar Nobel ta 1997 saboda wannan aiki: Steven Chu da William Phillips na Amurka, da Claude Cohen-Tannoudji na Faransa, haifaffen birnin Konstantin a Aljeriya. Ta wannan hanya ana kai atom ga kashi kaɗan cikin miliyan na digiri guda bisa iyakar sanyi, gudunsa ya koma ƴan santimetir a daƙiƙa, tafiyar tururuwa. A 1995, a garin Boulder na Amurka, Eric Cornell da Carl Wieman sunka ƙara gaba har zuwa kashi 170 cikin miliyar na digiri, inda ƙwayoyi wajen 2.000 sunka daina zaman kowa da kansa, sunka dunƙule suna motsi kamar abu guda, yadda Ainshtain ya hango tun 1925 bisa aikin Satyendra Bose na Indiya.

ƘWAYA GUDA, HANYA BIYU

Nan ne zancen ke shiga inda ido bai taɓa gani ba. A 1924 Louis de Broglie ya kawo cikin kundin digirinsa a Paris cewa kowace ƙwaya, ban da zamanta ƙwaya, tana kuma da halin igiya, irin igiyar da ke bazuwa bisa tabki in an jefa tsakuwa. Masu sauraren rediyo sun saba da zancen zango, gajere da matsakaici. Zango shi ne nisan da ke tsakanin tudun igiya da tudun da ke bin sa. Gwargwadon yadda atom ya rage gudu, gwargwadon yadda zangonsa ke tsawo, halinsa na igiya ya fito fili. Amfanin sanyin na biyu ke nan.

Igiya kuwa tana yin abin da dutse ba ya iyawa, tana rabuwa biyu ta sake haɗuwa. In anka jefa tsakuwa biyu cikin tabki, inda tudu ya gamu da tudu ruwa ya kan tashi sosai, inda tudu ya gamu da kwari kuwa sai su kashe juna, ruwa ya kwanta. Wanda ya dubi wurin gamuwar zai iya sanin ko ɗaya igiyar ta riga ɗaya, ko da da ɗan guntun zango ne. Na'urar da ke aiki da wannan hikima ita ake kira anterferometir, wato ma'aunin gamuwar igiyoyi.

Ga yadda ake yi da atom. Cikin bututun ƙarfe da anka zuƙe iskarsa sarai, ana tara ɗan gajimaren atom masu sanyi, dubbai ko miliyoyi, wanda girmansa bai wuce ƙwayar dawa ba. Sai a kashe hasken da ke riƙe da shi, ya soma faɗuwa. Yana cikin faɗuwa sai a buga masa walƙiyar lazer sau uku. An auna ta fari yadda igiyar kowane atom za ta rabu biyu, rabi ya karɓi turawar haske, rabi bai karɓa ba. A lura da kyau: ba garken ne ke rabuwa, wasu nan wasu can ba. Kowane atom guda ne ke bin hanya biyu a lokaci ɗaya, ɗaya bisa, ɗaya ƙasa. Harshen yau da kullum bai tanadi kalmar wannan ba, masanan ma lissafi ne ya kai su, gwaji ya tabbatar musu. Bayan ɗan lokaci walƙiya ta biyu ta juyo da rassan biyu su fuskanci juna, ta uku kuma ta haɗe su daidai lokacin da sunka gamu. Daga nan atom yana da ƙofa biyu ta fita, sai a ƙirga nawa sunka fita ta wannan, nawa ta waccan. Ƙirgar ita ke faɗin yadda igiyoyin sunka gamu, ko tudu da tudu ko tudu da kwari, wannan kuwa ya dogara ne ga yawan faɗuwar da atom ya yi tsakanin walƙiya da walƙiya.

Abin da ya ba na'urar kaifi shi ne hasken da kansa ya zama sandar awo. Zangon hasken da ake amfani da shi ga rubidiyom bai kai kashi 1 cikin 1.000 na milimetir ba, wato sanda ce mai zane fiye da 1.000 cikin kowane milimetir, kowace walƙiya kuma tana buga wa atom hatimin wurin da ta same shi. Sa'an nan atom ba ya tsatsa, ba ya lanƙwasa, ba maƙerin da ya yi kuskure wajen ƙera shi. Irin rubidiyom ɗin da ke Paris da wanda ke ƙasar Sin abu guda ne.

Christian Bordé na Faransa ya shimfiɗa lissafin a 1989. A 1991 Mark Kasevich da Steven Chu sunka gina irin wannan na'ura a jami'ar Stanford ta Kalifoniya, sunka auna jan ƙasa da atom na sodiyom. A 1999 ƙungiyar Chu ta gwada faɗuwar atom na sesiyom da faɗuwar wani guntun gilashi cikin tsohon irin ma'aunin jan ƙasa, anka tarar sun yi daidai har zuwa kashi 7 cikin miliyar.

BUTUTU MAI METIR GOMA

Daga nan sai anka koma tseren atom da atom. A 2014 masanan Hanoba a Jamus sunka gwada rubidiyom da potasiyom, a 2015 kuma na Wuhan a ƙasar Sin sunka gwada rubidiyom iri biyu. Mutanen ƙasar da ake haƙar uraniyom a Arlit ba baƙi ba ne ga zancen 235 da 238: ƙarfe ɗaya ne, amma ƙwayar ɗaya ta ɗan fi ta ɗaya nauyi. Haka rubidiyom ke da 85 da 87.

A 2020 ƙungiyar Kasevich a Stanford ta kai wannan awo wani matsayi dabam. Na'urarsu bututu ne a tsaye mai tsawon metir 10, lulluɓe da ƙarfen da ke tare maganaɗisun duniya. Ana cuɗa rubidiyom 85 da 87 wuri ɗaya, a cilla su sama, su haura su dawo, awon kuma ya ɗauki daƙiƙa 2, lokacin da tsakuwa ke ɗauka kamin ta taɓa ruwa a rijiya mai zurfin metir 20. Wahalar aikin ba a cikin cillawar take ba, a cikin tsaron ƙarya take. Jan ƙasa yana raguwa da kashi 3 cikin miliyan 10 duk lokacin da anka ɗaga metir guda, saboda haka in gajimaren 85 ya fi na 87 tudu da abin da bai kai kashi 1 cikin 20 na kaurin gashin kai ba, wannan ya isa ya kawo bambancin da ba na gaskiya ba. Duniya kuma tana juyawa ƙarƙashin atom yana bisa iska, dole a riƙa karkata madubin da ke mai da hasken domin a biya wannan juyi. Bayan an tace duk wannan, ba a ga bambanci ba har zuwa kashi kaɗan cikin miliyar 1.000. Da a ce tseren faɗuwar ya kai nisan wata, kilometir 384.000, da ratar da ke tsakanin su biyu ba ta wuce ƙwayar gero guda ba.

Gaskiya dai ita ce har da haka atom bai karɓe tuta ba. Ran 25 ga watan Afrilu 2016 hukumar sararin sama ta Faransa, CNES, ta aika tauraron ɗan Adam mai suna MICROSCOPE daga Kuru, ɗauke da gwangwanaye na titan da na filatin, ɗaya cikin ɗaya, suna kewaya duniya a nisan kilometir 710. Kewaya duniya ai faɗuwa ce wadda ba ta ƙarewa. Sakamakon ƙarshe da anka bayyana a watan Satumba 2022 ya fi na Stanford kaifi wajen sau 1.000, shi ma kuma bai ga bambanci ba. Amma wanda ya ce don haka a bar wahalar atom bai dubi tambayar da kyau ba. Gwangwanin ƙarfe hanya guda yake bi, ba ya bin biyu. A 2015, cikin bututun nan na Stanford, an raba igiyar atom har rassanta biyu sunka yi nisan santimetir 54 da juna, kamu guda da ɗoriya, kamin a sake haɗa su. A 2022 kuma an bi da reshe ɗaya kusa da dunƙulen ƙarfen tungisten mai kilo 1,25, ɗayan yana nesa, anka karanta alamar ƙarfen a wurin gamuwa. Irin wannan tambaya, yadda jan abu ke taɓa ƙwayar da ke wuri biyu, ba a yi wa dutsen Galile ita.

Babban abin da atom ke buƙata domin ya cim ma ƙarfe shi ne lokaci, domin in an ninka tsawon faɗuwa sau 2, kaifin awo ninkawa yake sau 4. Shi ya sa ake neman wuraren faɗuwa mai tsawo. A Bremen ta Jamus akwai hasumiya mai metir 146 inda ake sakin na'urar gaba ɗayanta ta faɗi daƙiƙa 4,7. A Bordo masanan Faransa sun hau da tasu cikin jirgin saman da ke haurawa ya sako kansa, abin da ke cikinsa ya rasa nauyi har daƙiƙa 22. A watan Janairu 2017 wata roka ta Jamus da ta tashi daga Kiruna a arewacin Suwidin ta yi dunƙulen nan na Bose da Ainshtain karo na fari a sararin sama. A 2018 Amurka ta kai ɗakin gwajin atom masu sanyi cikin tashar sararin sama ta ƙasa da ƙasa, inda a 2023 anka bayyana cewa an yi gamuwar igiyoyi da rubidiyom da potasiyom a lokaci guda.

DAGA TAURARI ZUWA RUWAN RIJIYA

Na'urar da anka ƙera domin gwada Ainshtain ma'aunin jan ƙasa ce, jan ƙasa kuwa ba ɗaya ba ne ko'ina. Buhu mai kilo 100 da anka rataya a sikeli mai ƙugiya a Paris, in anka kawo buhun da sikelin Yamai zai nuna ragin wajen giram 270, ba tare da an ɗebi tsaba guda ba, saboda Yamai ta fi kusa da tsakiyar cikin duniya inda juyinta ya fi ƙarfi, ta kuma fi nisa da cibiyarta. Abin da ke ƙarƙashin ƙafa ma yana sake awon: dutse mai nauyi yana ƙara shi, rami yana rage shi, ruwa in ya shiga ƙasa yana ƙara shi.

Nijar ta riga ta san wannan aiki. Daga 2008, cikin wani shiri mai suna GHYRAF, masanan Faransa tare da na Nijar sun riƙa auna jan ƙasa a Wankama, gabas da Yamai, da kuma wajen Diffa, ban da Jugu a ƙasar Benin da Tamanrasset a Aljeriya. A Wankama sun ga awon ya ɗan ƙaru da damina, lokacin da tabki ya cika ruwa kuma ya tsuma cikin ƙasa. Na'urar da sunka yi aiki da ita mai sakin guntun gilashi ce, irin wadda Chu ya gwada da atom a 1999. Tana da kaifi, amma sassanta masu motsi suna gajiya, saboda haka zuwa ake yi da ita lokaci-lokaci, a yi awo a kwashe.

Ma'aunin atom ba shi da ƙarfen da ke hawa da sauka, yana iya kwana yana awo wata da watanni. A 2020 an ɗora wani da anka ƙera kusa da Bordo bisa dutsen Etna mai aman wuta a Italiya, domin ya riƙa jin motsin narkakken dutse a ciki. A 2022 masanan jami'ar Birmingham a Ingila sun bayyana cewa nasu ya gano wata hanyar ƙarƙashin ƙasa daga bisa titi, ba tare da an haƙa ba. Kada dai a ɗora masa abin da ba nasa ba: ba ya gina rijiya, shi kaɗai ba ya faɗin zurfin ruwa, kuma tsadarsa ba ta kai shi hannun kowace ma'aikata ba. Abin da yake yi shi ne faɗin ko ruwan da ke ƙarƙashin wani wuri ya ƙaru ko ya ragu, da kuma gwargwadonsa. Ruwa mai kaurin metir guda, shimfiɗe cikin ƙasa, yana ƙara jan ƙasa da kashi 4 cikin miliyan 100. Ma'aunin atom irin na Etna, in an bar shi yana awo na wasu sa'o'i, yana iya jin kashi 1 cikin miliyar, wato ruwan da kaurinsa bai kai santimetir 3 ba.